Nutso da tukunyar iska a Dahab: abin da sabon shiga zai tarar a mita 12 na farko

Garin Dahab yana gaɓar gabashin yankin Sina'i na ƙasar Masar, a bakin mashigin ruwan Aƙaba, wanda shi ne ɗaya daga cikin rassa biyu da Bahar Maliya ya yi a arewacinsa. Daga Sharm al-Shaikh tafiyar kusan kilomita 90 ce, daga Alƙahira kuwa bas tana cinye awa takwas zuwa tara, bayan ta bi ta ramin Ahmed Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suez, ta kuma tsaya a shingayen bincike da dama, saboda haka fasfo ba ya barin aljihun matafiyi. Asalin garin zango ne na Larabawan ƙauye 'yan ƙabilar Muzaina, masu kamun kifi da kiwon raƙuma, kuma har yau su ne ke tuƙa yawancin motocin a-kori-kura da ke kai masu nutso bakin ruwa. Idan gari ya yi wasai, mutum yana tsaye a bakin teku zai hango duwatsun Saudiyya a tsallake.

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke karatu ko kasuwanci a Masar sukan je Sharm al-Shaikh hutu, su shiga jirgin ruwa mai ƙasan gilashi, su leƙa kifi daga sama, su dawo. Ni dai a ganina, wanda yake da lafiya kuma ya iya iyo ko da kaɗan ne, ya kamata ya ƙarasa Dahab ya shiga ƙarƙashin ruwan da kansa, domin ban san wani wuri da ya kai shi sauƙi ga mai koyo ba. Dalilin kuwa shi ne a Dahab da ƙafa ake shiga teku. A wurin da ake kira Lighthouse, wanda yake ƙarshen arewacin lungun ruwan da garin ya kewaye, mutum zai ɗaura kayansa a gefen wani gidan shayi, ya taka zuwa cikin ruwa har ya kai masa ƙirji, ya durƙusa a kan yashi, daga nan ƙasa ta riƙa gangarawa sannu a hankali. Babu hawa kwalekwale, babu jiri da amai saboda kaɗawar igiyar ruwa, babu kuma tsalle daga jirgi zuwa cikin shuɗin ruwan da ba a ganin ƙasansa, wanda shi ne abin da ke karya zuciyar mutane da yawa tun kafin su fara. Lungun yana kare wurin daga iskar arewa da ke kaɗawa a Dahab kusan kullum, don haka ko ranar da wasu wuraren suka ƙi shiguwa, nan yana nan lafiya lau.

Kafin a ba mutum kaya sai ya cika takardar tambayoyin lafiya, kuma wannan takarda ba ta cika-ka'ida ba ce. Tana tambaya game da asma, da farfaɗiya, da ciwon zuciya, da cutar huhu, da matsalar kunne, da juna biyu. Akwai kuma tambayar da ta fi shafar mu fiye da yawancin Turawan da ke cika wuraren nan, wato ta cutar sikila, wadda ta yawaita a ƙasar Hausa. Mai sikila ba ya wannan nutso, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala duk suna iya tayar masa da ciwon, kuma ƙarƙashin teku ba wurin tashin ciwo ba ne. Wanda yake ɗauke da rabin ƙwayar cutar kawai, ya nemi likita ya duba shi tukuna. Mura ma kanta tana hana shiga, saboda dalilin da zan zo kansa a maganar kunne.

Hanya biyu ce ake farawa da ita. Akwai gwajin yini ɗaya, inda malami zai yi wa mutum bayani, ya koya masa 'yan dabaru a ruwa mara zurfi, sannan ya zaga da shi kusa da shi ba tare da an wuce mita 12 ba. Akwai kuma cikakken kwas na matakin farko, wanda ƙungiyoyi irin su PADI, da aka kafa a Amurka a 1966, da SSI suke bayar da shaidarsa, yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu, kuma wanda ya gama shi yana da izinin sauka har mita 18 tare da abokin nutso. A wannan kwas ana bukatar mutum ya yi iyon mita 200 ba tare da tsayawa ba, ya kuma iya zama a saman ruwa na minti 10. Ba a auna sauri, saboda haka wanda ya koyi iyo a kududdufi ko rafin garinsu yana iya hayewa.

Kayan suna da nauyi a tudu, har mutum yakan yi mamakin yadda zai motsa da su. Akwai tukunyar iska da ake goyawa a baya, yawanci mai cin lita 12, an danna mata iska har ma'auninta ya kai 200. Mutane da yawa suna zaton iskar oksijin ce zalla irin ta asibiti, alhali kuwa iskar da muke shaƙa ce a kullum, an tace ta an busar, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin. Daga bakin tukunyar mesa ke fitowa zuwa wata na'ura da ake kamawa da haƙora, wadda aikinta shi ne ta rage ƙarfin iskar ta daidaita shi da nauyin ruwan da ke kewaye da mutum, ta kuma saki iska a lokacin da ya ja numfashi kawai. Wannan na'ura ita ce zuciyar al'amarin duka, kuma Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su ne suka fito da irinta a 1943. Sai gilashin fuska da ke rufe ido da hanci, da rigar roba mai kama jiki don maganin sanyi, da faffaɗan takalmin iyo, da ɗamara mai gudajen dalma, da kuma wata falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta da maɓalli. Da zarar an shiga ruwa, duk wannan nauyi sai ya ɓace.

Doka ta farko, wadda kowane malami zai maimaita har ta gundire ka, ita ce kada a riƙe numfashi. Wannan ya saɓa wa duk abin da muka sani game da nutso. Yaron da ke wasa a rafi da gwanin da ke gasar nutso a bikin kamun kifi na Argungu, dukkansu iska suke cika ƙirji da ita a sama, su riƙe, su nutse, kuma babu laifi a cikin hakan, domin iskar da suka sauka da ita ita ce za su hau da ita. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake shaƙar iskarsa. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara wa jiki nauyi kwatankwacin na dukkan iskar sararin sama, don haka a zurfin mita 10 nauyin ya ninka biyu, iskar da ke shiga huhu ma an matse ta ninki biyu. Idan mutum ya cika huhunsa a can, ya toshe maƙogwaro, ya taso sama, iskar za ta kumbura ta ninka girmanta, kamar balan-balan da yaro ya ci gaba da hurawa bayan ta cika, huhu kuwa ba ya jure wannan. Abin lura shi ne canjin ya fi tsanani a kusa da saman ruwa, wato daidai inda mai koyo yake zaton ya tsira. Maganin abin ba shi da wuya, a ci gaba da numfashi kawai, a kuma hau a hankali.

Kunne shi ne ke fara kawo ƙara. Tun daga mita ɗaya ko biyu mutum zai ji ana danna masa dodon kunne, irin abin da ake ji idan jirgin sama yana sauka, amma ya fi shi ƙarfi. Sai a toshe hanci da yatsu biyu a hura a hankali, ko a haɗiyi yawu, har a ji kunnen ya buɗe, kuma ana yin haka ne tun kafin zafi ya zo, a kowace 'yar gangara. Idan ya ƙi, a ɗan koma sama kaɗan a sake gwadawa, ba a tilasta masa. Mura tana toshe 'yar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da cikin kunne, shi ya sa mai mura yake haƙura ya zauna a gidan shayi. Sannan akwai koyon fitar da ruwa daga gilashin fuska, inda ake danne samansa da hannu, a ɗaga kai, a fitar da iska ta hanci har ruwan ya fice ta ƙasa. Masu gashin baki su sani cewa gilashin ba ya kama musu sosai, ruwa zai riƙa tsiyaya, sai dai a rage gashin da ke daf da hanci. Gemu kam ba ruwansa da wannan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin koyon duka shi ne daidaita jiki a tsakiyar ruwa, ta yadda mutum ba ya nutsewa ƙasa, ba ya kuma tasowa sama. Dalma tana jan shi ƙasa, iskar falmaran tana ɗaga shi, kuma idan biyun suka yi kunnen doki, abin da ya rage a hannunsa shi ne huhunsa. Idan ya ja dogon numfashi zai ga ya ɗan ɗaga, idan ya saki zai ga ya ɗan sauka, amma ba nan take ba, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku. Wannan ɗan jinkiri shi ne ke rikita mai gaggawa, domin zai danna maɓalli, bai ga canji ba, ya sake dannawa, sai ya tsinci kansa yana tashi sama kamar an kira shi. Malaman Masar suna da kalmar da ba ta barin bakinsu a tudu, shwayya shwayya, wato sannu-sannu, a ƙarƙashin ruwa kuma suna faɗin ta da tafin hannu. Mai koyo yakan yi ta wutsil-wutsil da hannuwa da ƙafafu, ya tayar da yashi, ya shanye tukunyarsa cikin rabin awa, shi kuwa malami yana gefe ya harɗe hannuwa a ƙirji, da ƙyar za ka ga ƙafarsa ta motsa, kuma zai fito da rabin iskarsa. Bambancin ba na ƙarfin jiki ba ne, har ma na lura cewa 'yan mata da dattawa sukan riga majiya ƙarfi kama wannan dabara, wataƙila don ba su saba cin nasara a kan abu da ƙarfin tsiya ba.

Da yake ba a magana, da hannu ake zance. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe yana nufin lafiya lau, tambaya ce kuma amsa ce. Ɗaga babban yatsa sama, wanda muka saba da shi a Facebook a matsayin yabo, a nan yana nufin a gama nutso a hau, don haka mai koyon da murna ta kama shi ya ɗaga yatsa zai ga malami ya fara shirin fitar da shi. Ana kuma yawan tambayar mutum iskar da ta rage masa, kuma ƙa'ida ita ce a fito ma'auni bai gaza 50 ba.

Idan aka bar yashin na Lighthouse aka karya hagu, sai katangar murjani ta bayyana, kuma a nan ne mutum yake mance cewa darasi ya zo ɗauka. Abin da ya fara cika ido shi ne dubban ƙananan kifaye masu launin ruwan lemo, suna shawagi a gaban katangar suna fuskantar inda ruwa ke fitowa, idan wani abu ya gilma su shige cikin ramuka a tare, sannan su sake fitowa a tare. Akwai kifin da bakinsa ya yi kama da na aku, wanda ake jin ƙarar gurgurarsa a kan murjani ƙaras-ƙaras tun daga nesa, yana cin gansakukar da ke jiki, yana fitar da garin dutsen ta baya, kuma wani kaso na farin yashin da ke irin waɗannan gaɓoɓi daga cikinsa ya fito. Akwai wani ɗan siririn kifi mai baƙin zane a gefe wanda sana'arsa wanzanci ce, yana da wurin zamansa, manyan kifaye suna zuwa su tsaya su buɗe baki da fuka-fukai, ya shiga ya tsince musu ƙwari da matacciyar fata, ba kuma wanda ke haɗiye shi. Akwai ɗan kifi mai ratsin fari biyu da ke zaune cikin wata halitta mai yatsu masu harbi, dafinta ba ya yi masa komai, kuma duk da bai wuce tafin hannu ba, zai taso wa mutum har gaban gilashinsa idan an matso gidansa. A ƙarƙashin duwatsu ana samun faffaɗan kifi mai shuɗin ɗigo ya binne kansa a yashi, wanda ya yi sa'a kuma yakan ci karo da kunkurun ruwa a filin ciyawar da ke cikin lungun. Masana sun ƙidaya fiye da nau'in kifi 1,000 a Bahar Maliya, kuma wani kaso mai yawa a cikinsu ba a samun su a ko'ina a duniya sai nan.

Komai yana bayyana kusa kuma ya fi girmansa da kimanin kashi ɗaya cikin uku, saboda yadda haske ke karyewa tsakanin ruwa da iskar cikin gilashi, don haka a rage wa labarin mai nutso kaɗan idan yana kwatanta girman kifi. Launi ma yana canzawa. Ruwa yana shanye jan launi tun daga wajen mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya, har ya kasance can ƙasa komai ya koma shuɗi-shuɗi da toka-toka. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa mai koyo ba a cuce shi ba da aka tsayar da shi a mita 12. Mafi kyawun launi da mafi yawan rai suna sama, inda rana take kaiwa.

Dalilin hakan yana cikin halittar murjanin kansa. Wanda ya gan shi zai rantse dutse ne ko tsiro, alhali dabbobi ne ƙanana masu taushi, suna zaune dubbai a haɗe, kowace tana gina wa kanta ƙoƙo na farar ƙasa, sababbi suna gini a kan na matattu har tsawon dubban shekaru. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Shi ya sa murjani mai gina katanga yake son ruwa garai-garai mara zurfi, kuma Bahar Maliya, da yake babu wani babban kogi da ke zuba masa laka, ya dace da shi ƙwarai. Jan murjanin da ake yin tsakiya da shi dangi ne, amma wani nau'i ne dabam, wanda aka fi sani da Bahar Rum. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima na makonni, dabbobin sukan kori gansakukar, su koma fari fat, idan zafin ya daɗe su mutu, kamar yadda ya faru da wurare masu faɗi na babbar katangar Ostareliya a 2016 da 2017. Murjanin mashigin Aƙaba ya shahara a wurin masu bincike da juriyar zafi fiye da na sauran wurare, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne kakanninsa sun shigo ne ta Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, inda ruwa ya fi zafi, don haka masu juriya ne kaɗai suka iso arewa.

Juriyar zafi ba ta kare shi daga dugadugi. Dunƙulallen murjani yana ƙara kimanin santimita ɗaya ne a shekara, don haka gutsuren da ƙafa ɗaya ta ɓalle ya girmi yaron da ke aji uku. Abin da ke ɓata mini rai a Lighthouse shi ne ganin masu yawon buɗe ido suna tsayawa a kan murjani don ɗaukar hoto, wani lokaci ma da sanin wanda ya kawo su. Dokar Masar ta hana ɗebe murjani ko ɓawon dodon koɗi daga teku, kuma ƙasar ta keɓe Ras Muhammad, wani yankin gaɓa kusa da Sharm al-Shaikh, a matsayin gandun da aka kare tun 1983, sai dai doka ba ta tsaye a kan kowane ɗan iyo. Ko don kansa ma, bai kamata mutum ya taɓa komai ba. Akwai murjani mai launin ƙasa-ƙasa da ke ƙuna kamar wuta, akwai bushiyar ruwa mai dogayen ƙayoyi, akwai kifi mai baza gashi kamar zaki wanda ƙayarsa ke da dafi, akwai kuma wanda ya fi su duka, kifin da ya yi kama da dutse sak, yana kwance ba ya motsi. Babu ɗayansu da ke bin mutum, duk wanda suka yi wa rauni shi ne ya kai hannu ko ƙafa.

Duk wanda ya je Dahab zai ji labarin Blue Hole, wani rami mai zurfin fiye da mita 100 a cikin katangar murjani, 'yan kilomitoci arewa da gari. Gefensa na sama yana da kyau, har masu iyo da bututun numfashi suna zagaya shi. Sunan da ya yi na cin rai ya samo asali ne daga wata ƙofa da ke jikinsa a zurfin kusan mita 55, mai ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku, wadda ta wuce iyakar mita 40 da aka gindaya wa masu nutson nishaɗi. A irin wannan zurfi naitirojin yana bugar da mutum kamar maye, ya ɗauke masa lissafi, ga shi kuma tukunya tana ƙarewa sau shida fiye da yadda take ƙarewa a sama. A jikin dutsen da ke kan hanyar wurin an manna alluna masu ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu a ciki, kuma da yawansu ba sababbin shiga ba ne, mutane ne da suka yi nutso har suka fara jin kansu. Idan wata cibiyar nutso ta yi wa mai sabuwar shaida tayin kai shi zurfin da ya wuce izininsa, wannan kaɗai ya isa ya ɗauki jakarsa ya nemi wata. A Masar akwai hukumar CDWS da ke tantance cibiyoyin nutso, kuma yana da kyau a tambayi lasisin cibiya, a tambayi mutum nawa malami ɗaya yake riƙewa, kafin a tambayi farashi.

Ruwan Dahab yana sauka zuwa wajen digiri 21 a hunturu, ya kai 27 ko 28 a tsakiyar bazara, kuma ɗan ƙasar Hausa zai ji sanyi ko a lokacin zafin, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. A nemi riga mai kauri, kada a ji kunya. Mata da ke tunanin sutura su sani cewa rigar tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai hular da ke rufe kai, ana iya ɗora doguwar riga a kanta, akwai kuma malamai mata a garin idan an nema tun da wuri. Ban ba da shawarar a yi nutso da azumi a baki ba, saboda iskar tukunya busasshiya ce, tana ƙafar da maƙogwaro, ƙarancin ruwa a jiki kuma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon da naitirojin ke haddasawa.

Wannan ciwo yana zuwa ne idan naitirojin da jiki ya jiƙa a ƙasa ya rasa lokacin fita a hankali, ya zama kumfa a cikin jini da gaɓoɓi. Saboda shi ne ake hawa sannu, ake kuma dakatawa minti 3 a mita 5 kafin a fito, saboda shi ne kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, ko awa 18 bayan nutso da yawa a jere. Abin da baƙi suka fi mancewa a Dahab shi ne hawan dutse ma haka yake. A kowane lungu na garin ana tallan tafiyar dare zuwa Dutsen Sina'i, wanda ake dangantawa da Annabi Musa, alaihis salam, tsayinsa kuwa mita 2,285 ne, hanyar motar da ke kaiwa gindinsa ma kanta hawa ce mai yawa. Wanda yake son haɗa ziyarar dutsen da nutso a tafiya ɗaya, ya fara da dutsen, ya huta gajiyarsa, sannan ya gangaro teku.